Akwai aikin bincike a fannin maganaɗisu da sifintironik? Amsa ga wani ɗalibin fizik

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne, ina shekara ta 3 a lisansin fizik nan Yamai. An yi muna darasi bisa maganaɗisu har malamin ya taɓo wani abu wai shi sifintironik, abin ya shiga raina ƙwarai. Amma a fada abokai sai dariya suke mini, wai ƙarshenta alli da allo a lise, ko ko in koma kabu-kabu da difloma cikin aljihu. Tsohuwa kuma kullum tambayarta yaushe za a fara ganin albashi. Don Allah Malam akwai aikin bincike na gaske a wanga fanni? A ina yake, kuma ɗan Nijar da ba shi da kowa ta ina zai shiga?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ka abu uku ka ƙunsa cikin tambaya guda: ko aikin na nan da gaske, ina yake, da kuma ƙofar da mutum zai bi in ba shi da uwa a gindin murhu. To aikin akwai shi, kuma ana biya tun daga tez, wato binciken digirin dakta, sai dai kusan dukkanshi a waje yake, sannan ba ta sanarwar ɗaukar aiki ake fara shigarshi ba, ta sitaj na mastar ne da malami guda wanda ya ga aikin hannunka da idonshi har ya yarda ya tsaya maka. Ni ma ta nan na bi, na yi tez ɗina a Turai bisa lissafin siraran maganaɗisu, na ƙara shekara 2, sannan na dawo gida ina koyarwa. Bari in warware maka a hankali, in ka gaji ka sha shayi ka dawo.

Abin da ya sa ake zuba kuɗɗi a ciki

Ka tuna muna yara in munka samu matacciyar rediyo mu fasa sifikar mu ciro baƙin mayen ƙarfen nan, mu ɗaura mashi zare mu yi ta ja cikin rairayin ƙorama, in ka ɗago shi ya yi gemu da baƙin gari sai ka share a tafin hannu ka sake ja. To duk fannin nan daga tambayar da yaron nan bai yi ba ya taso, wato mi ya sa garin nan ke mannewa rairayi bai mannewa. Amsar tana cikin elektiron. Ka san shi da caji, amma yana da wata sifa ta biyu da ake kira sifin, wadda ta mai da shi kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu mai duban sama ko ƙasa. A cikin ƙarfe, kobal da nikel sifin ɗin maƙwabta na son duban gefe guda, shi ya sa suke kamawa. Kayan lantarkin da munka saba da su caji kawai suke lura da shi, kuran ya wuce ko bai wuce ba. Sifintironik kuwa cewa ta yi a'a, mu yi aiki da inda sifin ya duba shi ma.

A 1988 Albert Fert a Orsay kusa da Faris, da Peter Grünberg a Yulish ta Jamus, kowa a labonshi, sunka jera ƙarfe da kuromiyom hawa bisa hawa, kaurin kowane hawa ƴan atom kaɗan. Sunka ga in hawayen ƙarfen na duban gefe dabam-dabam kuran na shan wahalar wucewa, in anka kawo maganaɗisu ya juya su gefe guda sai hanya ta buɗe, a gwajin Fert turjiyar ta faɗi kusan rabi cikin sanyin ruwan heliyom. Shi ne GMR, wato babban canjin turjiya da maganaɗisu ke jawowa. A 1997 kamfanin IBM ya sa shi cikin kan da ke karanta faifan ajiya na ordinatar, a 2007 anka ba su kyautar Nobel. Ka lissafa, shekara 9 kacal daga teburin labo zuwa kasuwa, abin da a fizik ba a cika gani ba, kuma tun ran nan ƴan kasuwa sunka sa ido bisa fannin nan ba su ɗauke ba.

Daga baya anka canza hawan tsakiya da abin da ba ya wuce da kuran ko kaɗan, amma siriri har elektiron ya iya ratsa shi ta hanyar da fizik kwantik ta yarda. A 2004 Stuart Parkin da Shinji Yuasa sunka nuna in anka sa MgO, haɗin manyeziyom da oksijin, a tsakiyar, kaurin wajen nanomita 1, bambancin na yin girma ƙwarai. Daga nan ne ƙwaƙwalwar MRAM ta samu ƙafa, wadda ba ta manta abin da anka rubuta mata ko an ɗauke wuta, mu da munka san zafin Afrilu da Mayu in kuran ya tafi kana tsakar rubutu ai ba sai an yi muna dogon bayanin amfaninta ba. Freescale ta fara saida ta a 2006, Samsung ta fara ƙera ta da yawa cikin guntayen lantarki a 2019, TSMC da GlobalFoundries su ma suna yi. Kuma wayar da ke aljihunka in ka buɗe manhajar alƙibla ta ce ka juya ta kamar kana rubuta 8 a iska, wani ɗan ma'aunin maganaɗisu ne a ciki ake daidaitawa. Irinsu na cike cikin mota, a birki, a sitiyari, a injin.

Kada kuma ƙyallin sunan sifintironik ya rufe maka ido ga tsohon ɓangaren. Maganaɗisun neyodim da Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka sunka fito da shi wajen 1984 shi ne cikin motocin lantarki, cikin injinan iska, cikin da yawa daga famfunan sola da masu albasa ke sawa a garake wajen Galmi. Mafi yawan tace ma'adinan da ake yin shi da su a hannun Sin yake, shi ya sa Turai da Amurka da Japan ke ta ba da kuɗɗin bincike don a rage su ko a sake narka tsofaffi. A ganina guraben da ke wanga gefe ba su kasa na sifintironik ba, kuma ɗalibai ba su cika rububinsu ba don sunan bai da daɗin faɗi a fada.

Ina ake yin aikin

In ka ce maganaɗisu a duniyar masu Faransanci to Girenobul ka ce. Can Louis Néel ya zauna, wanda ya samu Nobel a 1970, akwai cibiyar da ke ɗauke da sunanshi, akwai SPINTEC da ba ta aikin komi sai sifintironik, ga kuma babbar na'urar haske ta ESRF a bakin gari. Sai labon da ke ɗauke da sunan Albert Fert a Palaiseau, haɗin CNRS, hukumar binciken kimiyya ta Faransa, da kamfanin Thales, sai Institut Jean Lamour a Nansi. A Jamus akwai Yulish, akwai Mainz, akwai cibiyar Max Planck ta Hale inda Parkin yake. A Beljik akwai imec a Luven, su sun fi kusa da masana'anta. A Japan jami'ar Tohoku a Sendai da NIMS a Tsukuba. Sin da Koriya ta Kudu da Singafo da Indiya duk sun shigo da ƙarfi, Saudiyya na da KAUST. A nahiyarmu Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Masar da Afirka ta Kudu su ne ke da ƙungiyoyin da sunka daɗe suna wallafa aiki bisa maganaɗisu, da yawa cikinsu ta hanyar lissafi.

Za ka ce to mi ya hana a yi nan? Ba ƙwaƙwalwa ba ce ta yi ƙaranci. Kayan ne. Don ka shimfiɗa ƙarfe mai kaurin nanomita 1, wato milimita guda ka raba ta gida miliyan, sai da tukunyar ƙarfe da anka zuƙe iskar cikinta tas, da famfunan da ba a kashe su dare da rana wata da watanni, da ɗaki mai tace ƙura, wani awon kuma sai da ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Ka haɗa wannan da hazon hunturu da wutar da ke zuwa tana tafiya. Ni satina na uku a labo na kama wani ɗan faifan silikon da yatsa ba safar hannu, na ce ai gefe ne kawai na taɓa, anka sa shi cikin tukunyar, kwana biyu matsin iskar ya ƙi sauka inda ake so. Injiniyar da ke kula da na'urar, wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, ta ɗauko faifan ta haska shi da fitila ta nuna mini zanen yatsana ɓaro-ɓaro, ba ta ce uffan ba ta miƙo mini kwalin safar hannu. Mutum huɗu sunka rasa layinsu na satin nan saboda ni. Tun ran nan na gane in maiƙon yatsa guda na yin haka, to ƙurar Yamai sai an yi mata shiri na musamman.

Matakan aikin kuwa haka suke. Tez a Faransa shekara 3 ce kuma kwangilar aiki ce, ana biyanka sama da Yuro 2,000 a wata kafin a cire haraji da inshora. Na san ka riga ka buga lissafi da 655.957 ka ga sama da miliyan 1 da jika 300 na sefa ka ce an gama, to tsaya, bayan an cire na cirewa, ka biya ɗaki, ka sai tikitin jirgin ƙasa da rigar sanyi, abin da zai saura na tura wa tsohuwa ne kowane wata daidai gwargwado da ɗan ajiya, ba na gina bene a Kwara Kano ba. A Jamus, Holand, Suwis da ƙasashen arewacin Turai ma ɗan tez ma'aikaci ne, shekarun kan kai 4. Bayan tez sai abin da ake kira fosdok, kwangilar shekara 1 zuwa 3, nan ne guraben sunka fi yawa kuma nan ne mutane ke maƙalewa, ka gama wannan ka nemi wancan, yau Jamus gobe Sifen, shekara na tafiya, maganar aure na jira. Kujerar dindindin a jami'a ko CNRS kaɗan ce ƙwarai, kwankur ɗin CNRS ba ya duba ƙasar da ka fito, wannan gaskiya ne, amma waɗanda za ka kara da su kowa ya zo da tarin wallafa. Cikin waɗanda munka yi tez lokaci guda mafi yawa kamfani sunka shiga, kuma ba su yi asara ba: masu faifan ajiya irin Seagate da Western Digital, masu ma'aunai irin TDK, Infineon, Bosch, Allegro, masu MRAM irin Everspin, wasu ma sunka bar maganaɗisu kwata-kwata sunka tafi ƙera guntayen lantarki ko sarrafa bayanai, don wanda ya iya shimfiɗa siririn ƙarfe, ya iya awo, ya iya Python, ba ya rasa mai nemanshi. Ɓangaren kamfani ni ban zauna cikinshi ba, abin da abokai ke ba ni labari ne, shawarata ta fi nauyi a gefen jami'a da lissafi.

Ƙofar da za ka bi daga Yamai

Nan ne nike son ka buɗe kunne. Fannin nan ƙafa biyu gare shi, masu gwaji da masu lissafi, kuma ƙafar lissafi ba ta buƙatar tukunya ko heliyom, ordinatar take so da kai mai haƙuri. Akwai lissafin da ake kira mikromanyetik, inda ake yanka ɗan maganaɗisu ƙanana-ƙananan akwatuna a bi yadda kowane ke juyawa da ƙa'idar Landau da Lifshitz ta 1935 wadda Gilbert ya gyara a 1955. Manhajojin kyauta ne: OOMMF ta cibiyar NIST ta Amurka na tafiya bisa ordinatar ɗinka ta yau da kullum, mumax3 ta jami'ar Gent ta fi sauri amma sai da katin NVIDIA, in ba ka da shi ana iya aron na Google Colab ta intanet. Akwai kuma lissafin DFT da ke farawa daga atom ɗin kanshi, da Quantum ESPRESSO ko SIESTA, su ma kyauta. Ka ɗauki ƙarfe, ka sa ordinatar ta lissafo maka ƙarfin maganaɗisun atom guda, in ka ga wajen 2.2 ya fito kamar yadda yake a littafi, wallahi daɗin da za ka ji ba ya faɗuwa.

Dalilin da ya sa nike matsa maka bisa wannan shi ne malamin da ke Girenobul ko Sendai bai san jami'arka ba, bai san ko 14 bisa 20 a wajenmu abu ne mai wuya ba, takardar makinka ba ta gaya mashi komi sosai. Amma in ka tura mashi shafi biyu da hoton sakamakon da ka fitar da kanka, ya san abin da yake dubawa. Ni wasiƙa wajen 40 na tura a shekarar mastar ɗina, duka iri ɗaya, ranka ya daɗe ina sha'awar babban labonku, ko guda ba a amsa ba, har na fara cewa wariya ce. Sai wani babban yaya da ya riga mu fita ya karanta ya yi dariya ya ce wannan ai ko shi ba zai amsa ba. Na zauna wata guda na karanta wallafar wata ƙungiya, na sake lissafin hoto guda a ciki, nawa bai fito daidai da nasu ba, na rubuta layi goma na ce ga abin da na yi ga inda ya bambanta ko mi na ɓata. Kwana biyu aka amsa. Ashe akwatunana ne sunka yi girma, na sa nanomita 10 inda bai kamata a wuce 5 ba. Kuskuren nan shi ya kai ni sitaj, sitaj ya kai ni tez.

Sai Ingilishi. Na san mu ƴan lakkwal ɗin Faransanci muna jin nauyinshi, amma duk wallafar fannin nan da shi ake yi, ko a labon Faransa taron mako da shi ake yi in akwai baƙo guda. Kai ɗan Tawa kana da sa'a, Konni na nan, Sakkwato na nan, rediyo da bidiyon darussa sun cika waya. Kullum ka buɗe arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ɗora wallafarsu kyauta, sashen cond-mat na daskararrun abubuwa, ka karanta taƙaitawa biyar ko ba ka gane rabi ba. A darussan lisansi kuma ka riƙe fizik kwantik, fizik istatistik da fizik na daskararrun abubuwa da hannu biyu, su ukun nan ake tambaya a hira.

Hanyoyin fita da kuɗɗin wani suna da dama, ba duka za su dace da kai ba. Wadda na fi yaba wa ɗan ƙasa irin tamu ita ce difloma ta shekara guda a ICTP ta Tiriyeste a Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masanan ƙasashe masu tasowa, akwai sashen daskararrun abubuwa, suna biyan jirgi da na abinci, kuma wanda ya fito da kyau malaman can ke rubuta mashi takardar shaida zuwa tez, wannan takarda kuwa tana buɗe ƙofofi. Farkon shekara ake rufe karɓar dosiye, karatu ya fara Satumba. Suna da reshe a Kigali, EAIFR, mai mastar da dakta. Akwai AIMS da Neil Turok ya fara a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, mastar ce ta lissafi amma ƴan fizik da yawa ta nan sunka wuce. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Abuja ga ta kusa. Akwai makarantar ASESMA da ake yi kusan duk shekara biyu tun 2010 a ƙasashen Afirka dabam-dabam, sati biyu ana koyar da DFT, ka sa ido bisa ita da kyau don nan ake haɗuwa da mutanen da za su tsaya maka. Sai bursin Erasmus Mundus mai Yuro 1,400 a wata, DAAD ta Jamus, MEXT ta Japan, CSC ta Sin, da TWAS mai tura ɗalibai ƙasashen kudu. In akwai ƴan mata a ajinku ka gaya masu bursin OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, tasu ce su kaɗai, kuma ba a cika nemanta daga nan ba. Bursin ƙasa ta ANAB da na haɗin gwiwa zuwa Maroko ko Aljeriya su ma hanya ce, mutum ya yi mastar a Rabat sannan ya ƙetara.

Guraben tez kansu ana lissafa su a shafukan intanet na EURAXESS da ABG da ADUM da shafukan labobin. Na Marie Curie, shirin Tarayyar Turai, suna cikin waɗanda sunka fi biya, kuma sharaɗinsu shi ne kada ya zama ka zauna ƙasar da za ka je sama da wata 12 cikin shekara 3 da sunka wuce, wanda kai bai dame ka ba. A tsarin Faransa sitaj na shekara ta biyu ta mastar kan fara wajen Fabrairu ko Maris, kwankur na makarantun dakta Mayu da Yuni, tez ta fara Oktoba, kuma gaskiyar da ba a rubutawa ita ce galibin guraben nan wanda ya yi sitaj a wurin shi ake ba, sanarwar cika ƙa'ida ce.

Dole in taɓo maganar biza. Tun bayan Yulin 2023 hulɗa da Faransa ta canza, ofishin jakadancinsu a Yamai ya rufe a farkon 2024, don haka tsohuwar hanyar da mu munka bi ba ta miƙe kamar da ba. Shi ya sa nike ce maka kada ka rataya komi bisa ƙasa guda, ka nemi Italiya, Jamus, Japan, Sin, Maroko, Indiya lokaci guda, ka yi fasfo tun yanzu, ka fassara takardunka zuwa Ingilishi wajen mai hatimi tun ba a tambaye ka ba. Wani abu kuma, yawancin labobin nan ana ɗaukar su wuraren tsaro, a Faransa ana ce masu ZRR, a Ingila akwai takardar ATAS, sai an binciki dosiyenka kafin ka taka ciki, abin kan ci wata biyu kuma ana iya ƙi ba tare da an faɗi dalili ba. In ya same ka kada ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗɗi ya samo maka gurbin tez ɓarawo ne, ba a sayen ta.

In ka dawo fa

Abokanka na fada ba su yi ƙarya duka ba, in ka dawo alli na jiranka, sai dai allin jami'a ne, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba, jami'ar Yamai ma sunan malamin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni Dioffo ɗan Tasawa, wanda ya yi karatu a waje ya dawo ya duƙufa bisa hasken rana tun ba a san sola a ƙauye ba. Yanzu ban da Yamai akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Doso, Tilaberi da Difa, akwai EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Ƙarin girma ta CAMES yake bi, hukumar Afirka da ke tantance malaman jami'a, CAMES kuwa wallafa take ƙirgawa, to ka ga wanda ya koyi lissafi yana iya ci gaba da wallafa daga ofishinshi da ordinatar da abokan aiki a waje, wanda kuwa duk tez ɗinshi bisa na'urar miliyoyin Yuro ta tsaya in ya dawo sai ya zama kamar masunci a Tenere. Wannan ka sa shi cikin lissafi tun ranar zaɓen batun tez. ICTP na da tsarin da ke ba malamin da ya koma gida damar zuwa can lokaci-lokaci, ana kuma neman lokacin awo a na'urorin haske irin SESAME ta Jodan da ta buɗe a 2017, ka rubuta buƙata, in ta karɓu ka je da samfurinka.

Ba zan ɓoye maka ba, awoyin koyarwa da yawan ɗalibai na cin lokacin bincike, lissafin da zai yi kwana uku sai ka koyi ajiye shi kowace awa don wuta, ni sai da na yi asarar na sati guda kafin in sai batir da fanon sola na ofis da kuɗɗina. Amma akwai gefen da maganaɗisu ke taɓa ƙasarmu kai tsaye wanda ɗan waje ba zai yi muna ba. Masu neman ma'adinai da awon maganaɗisun ƙasa suke fara leƙa abin da ke ƙarƙashi, ta jirgi ko da ƙafa, ƙasar da ke da yuraniyom a Arlit da man Agadem da ƙarfen Say kuwa tana buƙatar mai karanta taswirar nan. Ana haɗa ƙananan ƙwayoyin magnetit da sinadarai masu arha a labon shimi na yau da kullum, ana binciken yadda za su kama dattin ruwa sannan a janye su da mayen ƙarfe, daidai wasan nan namu na ƙorama. Ga taransifoma da ke zafi, ga injinan famfon sola da ke mutuwa ba mai sanin dalili. Ba sifintironik ba ce tsantsa, amma ilimin guda ne, kuma shi ne ake iya samar wa kuɗɗin bincike a nan.

Maganar tsohuwa kuwa, ka gaya mata gaskiya da lissafi: shekara 2 na mastar wanda in Allah ya sa an samu bursi ba za ka tambaye ta komi ba, daga nan albashin tez ya fara. Wato shekara 2 zuwa 3 daga yau in komi ya tafi daidai, in an samu tsaiko 4. In gidan ba zai iya jiran haka ba to ka kama koyarwa a lise ko kwas na yamma kana mastar a nan, da yawa cikinmu haka munka yi, ba ya hana komi in dai ba ka saki lissafin ba.

Ga aikin hutun nan. Ka sauke OOMMF, ka nemi abin da ake kira matsala ta 4 ta muMAG, ƙungiyar masu lissafin mikromanyetik, ɗan guntun farmaloy ne, wato haɗin nikel da ƙarfe, mai tsawon nanomita 500, faɗi 125, kauri 3, ana juya maganaɗisunshi a duba yadda yake kifewa cikin nanosakan guda. Duk mai shiga fannin nan da ita yake gwada hannunshi, kuma amsoshin wasu na nan a buɗe ka kwatanta. Ka yi ta da akwatu na nanomita 5, ka sake da 2.5, ka zana layukan biyu bisa hoto guda, ka rubuta shafi ɗaya da Ingilishi ko ya karye. In ka gama ka turo mini, in an koma karatu a Oktoba ka zo ofis da ordinatar ɗinka da cajarta mu duba tare, sannan mu zaɓi mutum uku da za ka rubuta wa.